Ladan Ɗari Biyu

Baba ya sayi filin nan da albashin wata goma sha ɗaya.
Yana faɗa, yana sake faɗa,
kamar mai jan carbi:
lokacin da masaƙar Kakuri ke busa jiniya,
kekuna su malalo titi kamar ambaliya,
shi a tsakiyarsu, auduga a gashin kai,
ranar biya buhun shinkafa a bayan keke,
ga canjin tsire a aljihu.

Na gaji labarin.
Na kuma gaji da shi.

Filin ya zama ɗaki bakwai a Tudun Wada,
huɗu na 'yan haya.
Nawa rabon, lemar nan ta ƙofar gida,
tebur mai ƙafa uku da bulo,
na'urar cire kuɗi da ba ta ƙoshi da caji,
sai takardar digiri a ƙasan akwati
tana koya wa kyankyaso tattalin arziki.

Da hantsi mudun masara kuɗinsa daban,
kafin la'asar ya yi wa kansa ƙarin girma.
Naira ta zama ƙanƙara,
kana damƙe ta tana tsiyaya.
Shekara biyu ina tarin auren Hindatu.
Da na kai Kasuwar Barci,
akwatin ma, fanko, ya fi ƙarfina.
Ta daina tambaya.
Shirun ya fi tambayar ciwo.

"Ku yaran yanzu ba ku iya tattali ba,"
in ji Baba, idonsa a kan wayata.
Na so in ce, Baba, wata goma sha ɗaya a yau
ko inuwar katangarka ba zai saya ba.
Na haɗiye.
Na ce, "Haka ne."

Shekaranjiya wani mai gina shaguna ya zo,
ya zaga gidan yana auna shi da ido,
ya faɗi adadin da ya sa kunnena ƙara.
Baba ya yi dariya, ya raka shi mota.
Da dare, a kan katifa,
na kama kaina ina rabo:
tumunin Inna a gefe,
maza huɗu, mata biyar, kashi goma sha uku,
nawa biyu.
Sai tarinsa ya ratso bango.
Na tashi na yi alwala.
Ruwan bai kai wurin ba.

Yau fansho ya faɗo, bayan wata biyar.
Ya sa babbar riga kamar mai zuwa banki,
taku shida daga zaure zuwa lemata.
Ya miƙo kati,
ya kare hannu yana danna lambar da na daɗe da sani,
shekarar da ya shiga masaƙa.
Sabis ya ɗauke.
Muka tsaya muna kallon na'ura tana juyi,
uba da ɗa, layi ɗaya.

Dubu goma sha takwas.
Na ƙirga, ya lashi yatsa ya sake ƙirgawa.
"A da," ya fara,
sai ya dubi kuɗin, ya dubi takardar maganin hawan jini,
bai ƙarasa ba.

Ya zaro ɗari biyu ya ajiye a tebur.
"Ladanka."
"Haba, Baba."
"Sana'a ce, Nazifi. Karɓi."
Tsohuwa ce, an ɗinke cikinta da salatif,
ko biredi ba ta kaiwa.

Bai koma ciki ba.
Ya ja benci.
"Wai nawa kake samu a rana?"
Shekara uku ina nan, yau ya tambaya.
Na faɗa masa.
Leɓensa ya yi ta motsi yana lissafi,
ya kai wata goma sha ɗaya, ina jin,
ya tsaya.

Lemar ba ta isar mutum biyu.
Ya gyara zama, ya matsa can,
ya bar mini inuwar.